Gona Ta Zama Fuloti: Darasi Daga Ɗorayi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya san bayan badalar Kano shekara 50 da suka wuce, in ya dawo yau sai ya yi tambayar hanya kamar baƙo. Wuraren da ya bari ana noma gero da dawa da gyaɗa sun zama unguwanni, gini dafe da gini, ba masaka tsinke. Wannan maƙala za ta dubi wannan sauyi ta hanyar ɗaukar Ɗorayi a matsayin misali, wato yankin da yake kudu maso yammacin birnin, a bayan tsohon mazaunin Jami'ar Bayero. An zaɓi Ɗorayi ne saboda masana sun rubuta yadda take tun tana ƙauye, don haka akwai abin da za a kwatanta halin yau da shi.

Ra'ayin da nake son in kare shi ne, faɗaɗar birni ba aibi ba ce, kuma ba wanda ya isa ya hana ta. Aibin yana ga yadda muka bari gini ya riga tsari. Sakamakon haka, manomi ya rabu da gonarsa bai sami sana'ar da za ta maye gurbinta ba, wanda ya sayi filin kuma bai sami unguwar da za ta zaunu ba. An yi asara biyu a ciniki ɗaya.

2.0 Abin da Suna Ya Adana

Masu nazarin harshe sun san cewa sunan wuri yakan fi abin da aka sa wa sunan daɗewa. Kalmar Ɗorayi jam'in ɗorawa ce, kamar yadda Giginyu take jam'in giginya. In mai karatu ya bi sunayen unguwannin da suka kewaye Kano zai tarar da Kurna da Kawo da Rimin Kebe da Tsamiyar Boka da Rijiyar Lemo da Rijiyar Zaki da Gandun Albasa. Waɗannan sunaye ne na itatuwa da rijiyoyi da gandaye, wato abubuwan da mutumin karkara yake kwatance da su. Ke nan sunayen da kansu shaida ne cewa a kan gonaki aka kafa unguwannin.

Ita ɗorawar ba ado aka bar ta a gona ba. Daga 'ya'yanta ake samun kalwa a yi daddawa, a sha garinta, a yi makuba da ɓawonta a shafe gini ko a yi daɓe. Mata da yawa da ita suka dogara wajen neman na kansu. A yau yaron da aka haifa a Ɗorayi yana iya balaga bai taɓa tsinkar ɗorawa ba.

Na taɓa tambayar ɗalibaina a aji ma'anar gayauna da saura da burtali. Waɗanda suka fito daga karkara nan take suka amsa: gayauna ita ce 'yar gonar da maigida yake yankar wa ɗansa ko matarsa ban da gandu, saura gonar da aka bari ta huta, burtali kuwa hanyar dabbobi ce da aka killace tsakanin gonaki. Waɗanda suka tashi a sababbin unguwannin suka yi shiru, alhali wasu daga cikinsu jikokin masu gonakin ne. Amma da na tambayi ma'anar fuloti da awon igiya da dillalin fili, kowa ya ɗaga hannu. Harshe yana bin rayuwa ne, duk inda ta karkata can yake karkata.

3.0 Ɗorayi a Da

Dangantakar Kano da noma tsohuwa ce. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta mazaunanta da kimanin 30,000, ya kuma lura cewa a cikin badalar kanta akwai filaye masu faɗi da ake nomawa. Magabata da suka zagaye birni da ganuwa sun haɗa har da gonaki, domin in maƙiyi ya yi wa gari ƙawanya kada yunwa ta ci shi. Wannan ma tsarin gari ne, ko da ba a kan takarda aka zana shi ba.

A shekarun 1960, masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin karkarar da ta kewaye Kano. Ya nuna cewa tana cikin yankunan noma mafi yawan jama'a a wannan ɓangare na Afirka, kuma manoma suna noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da sun bar ta ta huta ba, amma ƙasar ba ta mutu ba. Sirrin abin shi ne taki. Da rani jakuna sukan shiga birni ɗauke da itace da hatsi, su komo da mangaloli cike da toka da shara da kashin dabbobi, a zuba a gona. Birni yana ciyar da gona, gona tana ciyar da birni.

Ɗorayi tana tsakiyar wannan yanki. Tun zamanin sarakunan Fulani akwai gandun sarki da gidan sarki a can, kuma daga nan ne hawan Ɗorayi, wanda aka sani cikin haye-hayen Sallah, ya samo suna. A 1971 da 1972 wata masaniya 'yar Ingila mai suna Polly Hill ta gudanar da bincike a wurin, ta wallafa sakamakonsa a 1977. Ta tarar da gidaje warwatse a cikin gonaki, wasunsu manya-manya masu ɗauke da iyalai da dama, babu daji ko kaɗan, kowane taku na ƙasa yana da mai shi.

Adalci ne a faɗa cewa abin da ta gani ba zaman jin daɗi zalla ba ne. Ta tarar da ƙarancin gona da talauci, da magidanta waɗanda abin da suke nomawa ba ya kai su ƙarshen shekara. Saboda haka ba kukan a koma jiya nake yi ba. Ƙauyen ya riga ya cika tun kafin birni ya iso shi.

4.0 Abin da Ya Mayar da Gona Fuloti

Dalilai huɗu ne suka haɗu. Na farko shi ne yawan jama'a. Ƙidayar 1952 ta nuna mutanen Kano kimanin 130,000 ne, ta 1963 kuma kusan 300,000. A 1967 Kano ta zama babban birnin jiha, ma'aikatu suka yawaita, bayan masana'antun Bompai aka buɗe na Sharaɗa da na Chalawa, Jami'ar Bayero kuma ta tsaya da ƙafarta a 1977. Ya zuwa ƙidayar 2006, ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye sun kai mutum miliyan 2.8, Ƙaramar Hukumar Gwale kaɗai, inda mafi yawan Ɗorayi take, tana da sama da 350,000. Duk waɗannan mutane suna bukatar wurin kwana, kuma Ɗorayi tana tsakanin jami'a da masana'antu.

Na biyu shi ne rabon gado. A ɗauka magidanci ya rasu ya bar gona eka 3, da mace ɗaya da 'ya'ya maza 5 da mata 4. In aka fitar wa matar da tumuninta, aka raba sauran bisa shari'a, kowane namiji ba zai kai rabin eka ba, kowace mace kuma rabin abin da namiji ya samu. Shari'a ta yi adalci, ta ba kowa haƙƙinsa. Sai dai abin da ya zo hannun kowane magaji ya yi kaɗan a noma a ci, ya kuma yi daidai a yanka a sayar.

Na uku shi ne doka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba shi ikon ayyana kowane yanki a matsayin birni, da ikon karɓe fili domin amfanin jama'a. Diyyar da dokar ta tanada ta abin da aka yi a kan ƙasa ce, kamar gini da amfanin gona da itatuwa, ban da ƙasar kanta. Manomin da ya ga an karɓe gonar maƙwabcinsa an biya shi kuɗin gero da ɗorawa biyu, ba ya bukatar wanda zai gaya masa abin yi. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Sai ya yi sauri ya kira dillali kafin hukuma ta iso. Abin mamaki, ita wannan doka ta hana yanka gonakin karkara a mayar da su fulotai, amma tsoron da ta jefa a zukatan manoma ya fi hanin ƙarfi.

Na huɗu shi ne noman da kansa ya daina biya. Sharar birni ta cika da leda, ba ta takin kirki. Da zarar gidaje sun kewaye gona, awaki da yara da masu yanke hanya ba za su bar ta ba. Masu tifa suna kwasar yashi, masu bulo suna kafa sansani. A ƙarshe manomin da ya fi kowa taurin kai ma yakan sallama.

5.0 Awon Igiya da Abin da Ya Haifar

Awon igiya shi ne a shiga gona da igiya ko tef, a yanka ta gida-gida, a kafa turaku, a sayar ba tare da zanen hukuma ba. Ɗan lissafi kaɗan zai nuna dalilin da ya sa irin wannan awo ba ya barin hanya. Eka ɗaya murabba'in ƙafa 43,560 ce. Fuloti mai ƙafa 50 tsawo da ƙafa 50 faɗi murabba'in ƙafa 2,500 ne. In ba a bar komai ba, eka za ta ba da fuloti 17. In aka ware kashi ɗaya cikin uku domin titi da magudanar ruwa da wurin amfanin jama'a, fuloti 11 za a samu. Wane dillali ne zai yafe fuloti 6 domin mutanen da bai sani ba, in ba wanda ya tilasta shi?

Daga nan matsaloli suke soma haihuwa. Tun da kowace gona da siffarta aka yanka ta, layin da ya fito daga wannan gona ba ya haɗuwa da na waccan. Sai a sami lungu wanda motar kashe gobara ba ta shiga, mai naƙuda sai an tallabo ta zuwa bakin titi. Ba a bar wurin makaranta ba, ba a bar na asibiti ba, ba a ƙara maƙabarta ba. Kududdufai da fadamun da suke shanye ruwan sama an cike su an yi gini, don haka da damina ruwa yakan nemi tsohuwar hanyarsa ta cikin ɗakunan mutane. Masana kiwon lafiya kan ba da shawarar a bar kimanin mita 30 tsakanin masai da rijiya. Fuloti mai ƙafa 50 bai wuce mita 15 da 'yan kai ba, kuma a ciki ake haƙa duka biyun, ga na maƙwabci a bayan katanga. Burtali kuwa shi ake fara cinyewa, domin ba shi da mai tsaya masa, sai makiyayi ya koro shanunsa kan kwalta.

Shi kuma manomin fa? Ranar ciniki yakan riƙe kuɗin da bai taɓa riƙe irinsu ba. Ya biya bashi, ya aurar da 'ya'ya, ya gyara gida, ya saya wa ɗansa babur. Duk waɗannan bukatu ne na gaskiya. Amma gona kowace shekara tana haihuwa, kuɗin fili kuwa sau ɗaya ake karɓar su. Bayan 'yan shekaru fulotin da ya sayar ya ninka kuɗinsa sau da yawa a hannun wani, shi kuma da mudu yake auno hatsin da a da yake ɗiba a rumbu. Na san dattijon da ya ƙare yana gadin wani gida da aka gina a inda gandun mahaifinsa yake. Mata sun fi shan wahala, domin sau da yawa 'yan'uwa maza ne suke ƙulla ciniki, a miƙa musu abin da ya samu, sannan ga itatuwan da suke sana'a da su an sare. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

6.0 Hujjojin Masu Saɓanin Ra'ayi

Akwai masu ganin wannan kuka bai da tushe, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Ta farko, suna cewa awon igiya ne ya rufa wa talaka asiri. Wannan gaskiya ce. Filayen da hukuma take yankawa ba su taɓa isar masu nema ba, kuma neman takardar mallaka yana cin lokaci da kuɗi. Rukunin gidaje irin su Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, waɗanda aka gina tsakanin 2011 da 2015, suna da tituna da tsari, amma sun fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci da ɗan tireda. Malamin firamare da ya mallaki gida a Kano, mafi yawa a awon igiya ya samu. Sai dai arahar ta ranar saye ce kawai. Ragowar kuɗin ana biyan su ne daga baya, a wurin mai garuwa da mai maganin zazzaɓi da makarantar kuɗi, da katangar da ruwa ya kayar. In kuma hukuma ta tashi fitar da titi bayan an gama gini, sai an rushe gidaje an biya diyya mai tsada.

Hujja ta biyu ita ce, abinci zai zo daga nesa, tun da ga madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974 tana shayar da gonakin Kadawa da Kura. Haka ne, hatsi yana jure tafiya. Amma alayyafo da latas da kuɓewa da ɗanyar madara sun fi son kusa, kuma tsadar sufuri da ta biyo bayan janye tallafin man fetur a 2023 ta koya wa kowa cewa nisan gona yana shiga cikin farashin miya.

Hujja ta uku ita ce, mai abu yana da ikon sayar da abinsa. Ba mai musun wannan. Sai dai hanya da magudanar ruwa haƙƙin jama'a ne, kuma addini da al'ada duk sun yarda cewa ikon mutum a kan dukiyarsa yana tsayawa ne a inda cutar da maƙwabci ta fara.

7.0 Mafita

Kano ba ta rasa tsari a takarda ba. An yi mata tsarin shekara 20 na 1963 zuwa 1983 wanda B. A. W. Trevallion ya jagoranta, ƙasa kuma ta sami dokar tsara birane da yankuna a 1992, ga hukumar tsara birane ta jiha. Abin da aka rasa shi ne isa wurin kafin mai igiya. Ɗorayi ta riga ta ginu, abin da ya rage mata gyara ne. Amma ƙauyukan da suke kan hanyoyin Gwarzo da Madobi da Zariya da Wudil da Haɗeja da Katsina suna nan a matsayin da Ɗorayi take a 1972. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ga abin da nake ganin ya kamata a yi.

Da farko, hukuma ta shata manyan hanyoyi da magudanan ruwa da filayen makaranta da asibiti da maƙabarta tun ana noma wurin, ta kafa alamomi kowa ya gani. Kafa turke a gona ya fi rushe bene sauƙi.

Na biyu, a riƙa haɗe gonaki a tsara su tare. Masu gonakin da suke maƙwabtaka su haɗa filayensu, ma'auna su zana, a cire rabon jama'a daga kowa gwargwadon girman gonarsa, a mayar wa kowa da sauran a matsayin fulotai masu takarda. Da wannan dabara aka sake gina sassa da yawa na Tokiyo bayan girgizar ƙasar 1923, kuma da ita birnin Ahmedabad na Indiya ya daɗe yana faɗaɗa. Fuloti 11 masu titi da takarda za su fi 17 na lungu daraja, kuma ribar za ta tsaya a hannun mai gonar.

Na uku, a gyara batun diyya. Sauya dokar 1978 yana da wuya, domin an kafe ta a cikin tsarin mulki. Amma ba abin da ya hana jiha ta mayar da shi ƙa'ida rubutacciya, wadda kowa ya sani, cewa duk wanda aka karɓi gonarsa yana da kaso bayyananne a cikin fulotan da aka yanka, da sunan kowane magaji, mace da namiji. Manomin da ya tabbata ba za a kore shi hannu rabbana ba, ba zai yi gaggawar kiran dillali ba.

Na huɗu, a keɓe abin da bai kamata a gina ba ko da nawa za a biya: fadamu da bakin rafuka da kududdufai da burtali. Na biyar, dagatai da masu unguwanni, waɗanda suke shaidar ciniki, su daina sa hannu a kan awon da ba shi da zane, a kuma yi wa dillalan filaye rajista.

Na ƙarshe ya shafi ɗalibin wannan kwaleji kai tsaye. Gobe shi ne malamin da za a tura ƙauye, kuma a ƙauye malamin makaranta ake kira ya rubuta takardar ciniki ko ya karanta wadda aka kawo. Ya kamata ya san abin da doka ta ce, ya iya yi wa mai gona lissafin da muka yi a sama, ya tambaya ko an sanar da mata magada. Haka kuma ya sa ɗalibansa su tattara sunayen gonaki da rijiyoyi da itatuwan garinsu, da kalmomin noma daga bakin dattawa, tun masu sanin suna raye.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna yadda Ɗorayi ta tashi daga ƙauyen manoma ta zama unguwa, da dalilan da suka jawo haka, wato yawan jama'a da raguwar gona ta hanyar gado da tsoron ƙwace da mutuwar ribar noma. Ta kuma nuna cewa awon igiya ya ba talaka muhalli, amma ya bar shi da bashin da yake biya kullum, ya kuma fitar da manomi daga arzikin ƙasarsa. Birni zai ci gaba da faɗaɗa ko mun so ko mun ƙi. Abin da yake hannunmu shi ne ko hanya za ta riga gini, kuma ko mai gona zai kasance cikin masu cin gajiyar sabuwar unguwa. Magabatan da suka gina badala sun bar wa jikokinsu fili a cikinta. Ya rage gare mu mu duba abin da za mu bar wa namu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.